Yadda ake tace tsofaffin ƙwayoyin lithiyam a haɗa baturi, da iyakar cajin da ba a ƙetarewa

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ke ja da baya, zafi kuma ya haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Kuseri, ɗauke wuta yakan zama ruwan dare. A lokacin ne kasuwar matattun baturan laftof ke buɗewa. Masu gyaran waya da samari masu sha'awar lantarki suna saye a hannun masu gyaran kwamfuta da 'yan gwangwan, su farke, su ciro ƙwayoyin da ke ciki, su haɗa baturin da zai juya fanka ya kunna ƙwai biyu ko uku har dare ya raba. Sana'a ce mai kyau. Sai dai ƙwayar lithiyam ba ta da haƙurin baturin mota. Shi in caji ya yi masa yawa ruwansa ne ke ƙonewa, a ƙara masa wani. Ita kuwa wuta take kamawa, kuma ba irin wutar da ake kashewa da bargo ba.

Ko sababbi fil sun taɓa kunyata manyan kamfanoni. A 2006 Dell ya janye baturan laftof miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga cikin ƙwayoyin, a 2016 kuma Samsung ya daina sayar da Galaxy Note 7 ɗungurungum. To ina ga wadda ta yi shekaru tana aiki a Turai, ta sha zafin kwantena, ta zo ta kwana a rumfar kwano? Shi ya sa fiye da rabin wannan aiki tankaɗe da rairaya ne. Wanda ba ya iya zubar da ƙwaya, gara ya bar sana'ar.

Wurin aiki da kayan aiki

Nemi wuri mai iska, ƙasa siminti ko turɓaya, nesa da katifa, labule da tukunyar gas. In a jikin shagonka akwai mai sayar da fetur ɗin zuwa-zuwa a kwalabe, wannan ba wurin gwajin baturi ba ne, ko da haya kyauta ce. Tebur ya zama na katako. Ajiye bokitin yashi, bokitin ruwa da shebur inda hannu zai kai ba tare da ka tsallake teburin ba. Cire zoben azurfa da agogon ƙarfe.

Kana bukatar mitar awon lantarki mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, filaya da abin yanka waya waɗanda ka naɗe jikinsu da salatef, safar hannu, tabarau, alƙalamin maka, da caja mai auna abin da ƙwaya ke ɗauka, irin LiitoKala Lii-500 ko Opus BT-C3100. Mitar ita ce idonka, don haka ka gwada ta da ta wani. Mita mai raunin baturi takan nuna lambar ƙarya, kuma a wannan aiki kuskuren 0.1V ba ƙarami ba ne.

Mataki na farko: farkewa

Baturin laftof da aka rubuta wa 10.8V ko 11.1V yawanci ƙwayoyi shida ne a ciki: rukuni uku a jere, kowane rukuni ƙwaya biyu kafaɗa da kafaɗa. Mai 14.4V ko 14.8V rukuni huɗu ne. Ƙwayoyin su ne 18650, wato kauri milimita 18, tsawo milimita 65.

Kama kusurwar robar da filaya ka ɓalle ta, ka bi ɗinkin a hankali. Kada ka cusa sukundireba ka yi ta zungura. Da ka buɗe, fara yanke wayoyin da suka tafi ƙaramin allon, ɗaya bayan ɗaya, kada bakin filaya ya kama biyu tare. Sannan ka naɗe siririn ƙarfen da aka manna a kan ƙwayoyin da bakin filaya, ka raba su.

Ga abin da da yawa ba su lura da shi ba: duk gwangwanin ƙwayar, daga gindi har wuyanta, ɓangaren (−) ne. Ɗan maɓallin saman kaɗai ne (+), kuma tsakaninsu bai fi 'yan milimita ba. Rigar roba da zoben takardar da ke kan ƙwayar su ne kawai ke kare bakin gwangwanin daga waje. Filaya ta zame ta haɗa maɓallin da bakin gwangwani, ka yi shot ke nan, kuma ƙwaya ɗaya tana iya mai da ƙarfe ja wur cikin daƙiƙu.

Baturan waya da na laftof na zamani masu falle kamar leda, musamman waɗanda suka kumbura, ka bar su. Ba su da gwangwani, farce ma yana iya huda su.

Mataki na biyu: duba jiki da awon farko

Duk wadda ta loɓa, ta yi tsatsa, ta yi farin gishiri a wuya, ko take wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce, ta fita. Wadda rigarta kawai ta yage za a iya sake mata riga da zobe.

Karanta rubutun jikinta ka nemi takardar bayaninta a intanet. Samsung, LG, Panasonic, Sanyo da Sony su ne aka fi samu a laftof, kuma yawancinsu 3.6V ko 3.7V ne, cikarsu 4.20V. Akwai 'yan kaɗan da aka ƙera su kai 4.30V ko 4.35V, ka ɗauke su a matsayin 4.20V, abin da za ka rasa kaɗan ne. Wadda za ka yi hattara da ita ita ce LiFePO4, wani nau'in ƙwayar lithiyam daban da akan samu a wasu fitilun sola: 3.2V ce, cikarta 3.65V. Ba a haɗa ta da sauran, ba a kuma sa ta a cajar 4.20V. Su kuma masu rubutun 6,800 ko 9,900 mAh (ma'aunin yawan cajin da ƙwaya ke ɗauka) da ake sayarwa tare da tocila, ƙarya ce tsagwaronta. Babu 18650 mai ɗaukar haka, nagartattun ma a wajen 3,500 suke tsayawa. Ta gaske nauyinta wajen giram 45 ne, ta bogi kuwa za ka ji ta sakayau a hannu.

Bayan ka raba su, bar su kwana ɗaya kafin ka auna, domin biyun da ke haɗe lamba ɗaya suke nunawa ko da ɗaya ce ke shanye 'yar uwarta. Rubuta lambar a jikin kowace. Daga 2.5V zuwa sama ta wuce. Tsakanin 2.0V da 2.5V tana cikin shakku. Ƙasa da 2.0V, ni ba na ba da shawarar a farfaɗo da ita, ko da za a ce maka wane ya yi ta tashi. Tana tashi mana. Matsalar ita ce ƙwayar da ta daɗe a ƙasa sosai, jan ƙarfen da ke cikinta yana narkewa ya shiga ruwan baturin, in aka sake caji sai ya taru ya yi tsini-tsini da ke iya huda siririyar fatar da ta raba ɓangarorin biyu. Ba za ka gani ba, mita ba za ta nuna ba, sai wata rana cikin dare.

Wadda ta nuna 0.00V daidai, sau da yawa wani ɗan makulli ne a ƙarƙashin maɓallin ya yanke saboda iska ta taru a ciki. Akwai masu cusa allura su danna shi ya koma. Wannan cire wa ƙwaya birki ne bayan ta riga ta nuna tana da ciwo. Zubar da ita.

Mataki na uku: cajin gwaji

Yi shi da sanyin safiya ko da dare, kana zaune a wurin. Sa cajar a 0.5A, wato rabin amfa, ga kowace ƙwaya. Masu shakku kuma a fara musu da 0.05A zuwa 0.1A har su kai 3.0V, wadda ta yi awa ɗaya ko biyu ba ta hau ba, ta fita.

Idan da TP4056 kake aiki, ƙaramin allon cajin nan mai shigar USB, ka sani 1A yake bayarwa, kuma ya yi wa gajiyayyar ƙwaya yawa. Canza ɗan resistan 1.2k da ke kansa zuwa 2k, zai sauko wajen 0.6A. Allo ɗaya, ƙwaya ɗaya. Kada ka jera TP4056 uku a kan rukuni uku na baturin da aka riga aka haɗa, kana ba su wuta daga caja guda: gindinsu haɗe yake, shot za ka yi.

Kowane minti ashirin ko talatin ka taɓa su, musamman daga 4.0V zuwa sama, don a nan masu zazzaɓi ke tona kansu. A watan Afrilu komai ɗumi ne da shi, hannu yana ruɗuwa, saboda haka gwada kowace da maƙwabtanta. Wadda ta fi sauran zafi a fili, ko ta maƙale a 4.0V tana shan wuta ba ta gaba, tana da yoyo a ciki, wutar da kake ba ta zafi take zama. Cire ta, sa ta cikin yashi a waje. Na'urar auna zafin goshi da ta yawaita lokacin korona tana taimakawa, in tana da maɓallin auna jikin kaya.

Mataki na huɗu: jira

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, don mai kaya yana ƙofa yana cewa, “Maigida, yau dai nake so, yara ba sa barci.” Ba shi haƙuri. Rubuta kwanan wata a jikin waɗanda suka cika 4.20V, jera su a akwatin da ba za su taɓa juna ba, ka bar su mako biyu, in da hali huɗu. Lafiyayya za ta ɗan sauka zuwa wajen 4.15V ta tsaya. Wadda ta faɗo ƙasa da 4.10V tana tsiyaya, kuma in ka sa ta a rukuni za ta riƙa zuƙe 'yan uwanta dare da rana, ta karkatar da baturin gaba ɗaya.

Mataki na biyar: auna abin da take ɗauka

Sauke ta a cajar gwaji da 0.5A zuwa 3.0V ko inda cajar ke tsayawa, ka rubuta lambar mAh. Gwada da abin da takardarta ta ce. Mai kashi 80 cikin ɗari zuwa sama ta shiga babban baturi. Tsakanin 60 da 80 ta tafi tocila ko rediyo, ita kaɗai. Abin da ya gaza haka ya gama aiki. In kana da na'urar auna turjiyar ciki irin YR1035, ƙwayar laftof mai lafiya takan nuna 'yan gomomin miliyom. Wadda ta doshi 100 ka ware ta. Lambar turjiyar da ƙananan caja ke nunawa tana rawa da yadda ƙwayar ta zauna a gurbinta, kada ka yanke hukunci da ita kaɗai.

Mataki na shida: haɗawa

Mu ɗauki misalin da aka fi yi: ƙwaya 30, kowace wajen 2,000 mAh, rukuni uku a jere, goma a kowane rukuni. Shi ake rubutawa 3S10P, 20Ah ke nan, wajen 220Wh a takarda.

Raba ƙwayoyin yadda jimillar mAh ta kowane rukuni za ta yi kusan daidai, kada manya su taru a wuri guda. Kafin ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kawo su duka lamba ɗaya, bambanci kada ya wuce 0.05V, in ba haka ba mai yawa za ta kwarara cikin mai kaɗan ba tare da wani abin tsayarwa ba. Ka haɗa su suna wajen 3.6V, ba a cike ba. In hannu ya kuskure, ɓarnar ta fi sauƙi.

Sa su a gurbin roba mai barin tazara, kada ka ɗaure su jiki da jiki da salatef. Walda mai ɗigo da siririn nikel ita ce daidai. A kasuwa akwai ƙarfe da aka shafa wa nikel ake sayarwa da sunansa: kankare shi ka jiƙa a ruwan gishiri kwana ɗaya ko biyu, in ya yi tsatsa ba shi ba ne. Wanda ba shi da injin walda sai dalma, to ya yi da kan dalma mai ƙarfi, wat 60 zuwa 80, ya kankare wurin, ya taɓa daƙiƙa biyu ko uku ya ɗaga. Ƙaramin kan dalma na gyaran waya ya fi cutarwa, don sai ka daɗe kana dannawa zafin yana ratsawa ciki. Kowace ƙwaya ta samu siririyar waya da za ta tsinke in ta yi shot, sannan babban fis, 15A a wannan misali, dab da bakin (+).

Sai allon tsaro, BMS. Ya dace da adadin rukuni da irin ƙwayar: na 3S mai 4.2V daban, na LiFePO4 daban. Nemi mai daidaita rukunai kuma mai wayar jin zafi, ka manna wayar a tsakiyar baturin. Siraran wayoyinsa a jere ake haɗa su daga (−) zuwa sama, a auna kowace kafin a soka filogin.

Mataki na bakwai: iyakokin caji

Lambar 4.20V bango ce, ba wurin zama ba. Masu ƙera ƙwayoyin kan ba da sassaucin 0.05V kacal. Sama da haka lithiyam yana fara kwanciya a matsayin ƙarfe a cikin ƙwayar, iska tana taruwa, ɓangaren (+) yana rasa natsuwarsa. Ga tsohuwar ƙwaya a ƙasa mai zafi irin tamu, ka tsaya a 4.10V. Abin da za ka rasa wajen kashi 10 cikin ɗari ne, ƙwayar kuma za ta daɗe sosai fiye da wadda ake kaiwa maƙura kullum, sannan ka bar wa kuskuren mita da na caja wuri. Ga lissafin:

Rukuni 3: maƙura 12.6V, a tsaya a 12.3V.
Rukuni 4: maƙura 16.8V, a tsaya a 16.4V.
Rukuni 7: maƙura 29.4V, a tsaya a 28.7V.
Rukuni 13: maƙura 54.6V, a tsaya a 53.3V.
LiFePO4 rukuni 4: maƙura 14.6V, 14.0V zuwa 14.2V ya wadatar.

Ta ƙasa kuma, takardu kan ce 2.5V ko 2.75V, amma kai ka sa kayanka su yanke a 3.2V, wato 9.6V ga rukuni uku, 22.4V ga rukuni bakwai. Abin da ya rage a ƙasan nan kaɗan ne, kuma a nan ne raunanan rukunai ke zubewa da sauri.

Cajar lithiyam ta gaske aiki biyu take yi, kamar mai cika jarka a famfo: da fari ya saki ruwa daidai gwargwado, in ta doshi wuya ya rage har ya zama ɗigo, sannan ya rufe. Wato tana riƙe amfa a lamba ɗaya har bolt ya kai iyaka, sai ta riƙe bolt ɗin amfa yana raguwa, in ya sauko wajen kashi ɗaya cikin ashirin na girman baturin ta yanke. Rufewar nan wajibi ce. Lithiyam ba ya son a bar shi a kan ɗigon caji dare da rana yadda ake barin baturin gubar dalma, irin na mota.

Yawan amfa fa? Sabuwar ƙwayar laftof akan caje ta da rabin girmanta, wato 1A ga mai 2,000 mAh. Tsohuwa a ba ta kashi ɗaya cikin biyar, 0.4A. A misalinmu 4A ke nan ga baturin duka, kuma faifan sola mai wat 50, da ke ba da wajen 2.8A, ya yi masa daidai. Mai wat 100 yana kaiwa 5.5A, ya ɗan haura 4A, amma da sauran dama. Wanda ya fi haka sai ka ƙara ƙwayoyi. Wajen ja kuma kada ka wuce 1A a kan kowace ƙwaya, 10A ke nan, wajen wat 110. Fankar DC mai wat 15 da ƙwai uku masu wat biyar-biyar za su yi awa biyar zuwa shida. Inbata mai jan wat 300 kuwa zai nemi kusan 30A, amfa uku a kan kowace tsohuwar ƙwaya, kuma ba don haka aka yi su ba.

Cajar da ta fi ƙona ɗakuna

Tunda an ce baturin “12V” ne, sai mutum ya ɗauko cajar baturin mota, ko ya haɗa shi da ƙaramin kwantirolan sola mai launin shuɗi da ke kowane shago. Waɗannan don baturin gubar dalma aka yi su, suna kai caji 14.4V, wasu ma su haura lokaci-lokaci. Raba 14.4 gida uku: 4.8V a kan kowace ƙwaya. Babu ƙwayar laftof da za ta jure wannan. Haɗa faifan sola kai tsaye ya fi muni, domin faifan “12V” yana haura 20V in ba kaya a kansa. Cajar laftof mai 19V ma haka, ba caja ba ce, mai ba da wuta ce kawai. Ainihin cajar tana cikin laftof ɗin.

Za a ce ai akwai BMS. Akwai, amma shi mai gadi ne na ranar tsautsayi. Yawancin masu araha sai ƙwaya ta kai 4.25V ko fiye suke yankewa. In ka mai da shi abin tsayar da caji, kullum ƙwayoyinka suna dukan bango, kullum allon yana yanke wuta mai ƙarfi, kuma ƙananan makullansa in suka ƙone sau da yawa a haɗe suke mutuwa. Daga ranar babu mai tsayar da komai, kuma babu fitilar da za ta gaya maka.

Abin yi shi ne kwantirola mai zaɓin lithiyam ko wanda ake sa masa lamba da hannu. Sa 12.3V, kashe cajin daidaitawa na baturin dalma, kashe ƙarin bolt da yake yi gwargwadon sanyi ko zafi, sannan ka tabbatar da mitarka a bakin baturin, kada ka yarda da allon kwantirolan. In da wutar gari za ka yi caji, nemi cajar da aka rubuta wa 12.6V ta lithiyam, ko allon rage wuta mai maɓallan juyi biyu, na bolt da na amfa, ka saita shi kafin ka haɗa baturin. Wanda ke son inbata ya yi tunanin rukuni bakwai a tsarin 24V, don iyakokinsu sun fi dacewa da juna. Rukuni uku a inbatan 12V yakan yanke tun da sauran caji, rukuni huɗu kuma ya yi masa yawa.

Kada ka dogara da jimillar bolt. Mita tana iya nuna 12.6V alhali rukunan suna 4.0, 4.1 da 4.5. Fito da wayoyin awo waje, ka auna kowane rukuni yana cike, kullum a makon farko, daga baya duk mako biyu. Bambancin da ya wuce 0.05V gargaɗi ne. In ya kai 0.1V kuma rukuni ɗaya ne kullum ke baya, akwai mai tsiyaya a cikinsa: buɗe ka nemo ta.

Zafi

Takardun waɗannan ƙwayoyi sun yarda a yi caji tsakanin digiri 0 da 45, a ja wuta har zuwa 60. Iyakar ƙasa ba ta dame mu ba, ko hunturun Ngaundere ba ya kai mu can. Ta sama ce matsalarmu. Ranar da inuwa take 42 a Marwa ko Njamena, cikin shagon kwantena ko ɗakin kwano marar silin ya wuce 45 tun kafin baturin ya ƙara nasa zafin. Kuma lokacin da sola ta fi ba da wuta shi ne lokacin da ɗakin ya fi zafi.

Saboda haka baturin ya zauna a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, ginin laka ya fi, kada ya jingina da bangon da rana ke duka, kada a rataye shi kusa da kwano. Akwatin ƙarfe mai huji, an shimfiɗa katako ko roba a ciki, ya fi na roba rufaffe, kuma kada kwantirola ko inbata su shiga akwati ɗaya da shi. A watannin bazara rage amfa, ka bari ya cika da hantsi, in ya cika ka cire. In BMS ɗinka ana saita shi, sa ya hana caji a digiri 45. Kada a bar baturi a cikin mota rufaffiya ko akwatin babur a rana, kada a sa shi caji a ɗakin da yara ke kwana ko a bakin ƙofa ɗaya tilo. Wanda zai yi tafiya ya bar shi a 3.6V zuwa 3.8V kowace ƙwaya, a cire masa komai. Cikakken caji da zafi in suka haɗu su ne ke tsofar da shi ko ba a taɓa shi ba.

In ya fara

Alamunsa zafin da hannu ba ya jurewa, ƙamshin nan mai zaƙi, huci, ƙara kamar fashewar gyaɗa a wuta, ko farin hayaƙi. Yanke caja daga nesa, daga soket ko daga wayar faifan. In bai fara hayaƙi ba, ɗauke shi da shebur zuwa fili. In ya fara, fitar da mutane tukuna, kada kowa ya shaƙa, hayaƙin guba ne mai ƙona huhu. Ƙwayoyin suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, wasu su yi tsalle. Bayan an raba shi da wutar gari, ruwa mai yawa daga nesa shi ne magani, don yana sanyaya waɗanda ba su kama ba tukuna. Yashi yana tare harshen wuta amma ba ya sanyayawa. A Kamaru lambar 'yan kwana-kwana 118 ce. Ko ya mutu a bar shi a waje kwana ɗaya ko biyu, yana iya sake tashi bayan sa'o'i.

Waɗanda aka ware

Za su taru da yawa, kuma ko wadda ta gaza gwaji tana da ƙarfin ta da gobara. Sauke kowace da ƙaramin ƙwan tocila ko resista har ta kusa sifili, a waje, sannan ka rufe kai da gindi da salatef ka tara su a gwangwani mai yashi. Jiƙa su a ruwan gishiri, da wasu ke yi, yana cinye bakin ƙwayar kafin cajin ya ƙare, ya bar maka ƙazamin ruwa. Kada su shiga bolar da ake cinna wa wuta, kada su shiga kwandon HYSACAM, kamfanin kwashe shara na Kamaru, inda motar shara za ta matse su, kada kuma yara su samu na wasa. In za ka ba mai sayen ƙarfe, gaya masa abin da ke ciki, ka ce kada ya sa musu guduma.